Sharaɗin Mai Gyaran Agogo

Wata goma sha ɗaya ke nan cif da likitan motsa jiki ya damƙa wa mai gyaran agogo wata 'yar ƙwallon roba ja. Ya ce masa kullum ya zauna kusa da matarsa minti goma sha biyar, ya sa mata ita a hannun daman da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa, ta riƙa matsawa yana ƙirgawa. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce in Allah ya yarda. Bai taɓa yi ba, ko sau ɗaya.

Ƙwallon tana nan a aljihun teburin shagonsa, can ƙurya, tsakanin matattun batura da agogunan da masu su suka manta da su. Duk lokacin da ya ja aljihun zai ɗauko sukudireba sai ta mirgino gaba, ya mayar da ita da bayan yatsa.

Ba mantuwa ba ce, shi ma ya sani. Hannun ne ba ya iya kallo. Hannun da ya shekara talatin da biyu yana ɗinke masa maɓallin riga, yau ya kwanta a cinyarta kamar aro aka ba ta. Ya sayi magani, ya sayi sanda, ya ƙara wa kansa awannin shago, ya mayar da gaisuwarsa da ita ta bakin ƙofa. Mutumin da ke gyara wa gari lokaci ya rasa inda zai samo minti goma sha biyar.

Sai dai laifi tudu ne, kowa nasa yake takawa ya hango na wani.

Wanin kuwa shi ne direban motar asibiti, saurayin da ya ɗauki matar ranar da ta faɗi. Daga zuwa dubiya ya saba da gidan, har magana ta ƙullu tsakaninsa da 'yarsu Auta, ita kaɗai da ta rage musu a gida. Mai agogo bai ce e ba, bai ce a'a ba, domin yayarsa ma tana da nata ɗan takarar, wani mai shagon tayal da sabuwar mota, ɗan ƙawarta.

Ranar wata Talata direban ya biyo shago gaisuwa. Ya ajiye wayarsa a kan gilashin tebur don ya miƙa hannu biyu, sai ta yi ƙara, fuskarta ta kama haske. Idon da ya saba karanta lambar bayan agogo bai sha wuyar karanta saƙon ba.

"An cire kuɗin wasanni na wannan wata," in ji mai agogo, yana zare gilashin aiki daga idonsa. "Wane irin wasanni ne ake cire musu kuɗi kamar wutar lantarki?"

"Na waya ne, Baba. Gem. Sau ɗaya kake biya a wata, sai su buɗe maka kusan ɗari biyu."

"Ɗari biyu. Hannu nawa gare ka?"

"Biyu, Baba."

"To sauran ɗari da casa'in da takwas ɗin wa yake buga maka?"

Direban ya yi murmushi, ya ga ba wurin murmushi ba ne, ya haɗiye.

"Aikinmu jira ne, Baba. Wata ran awa biyar ina zaune a mota a ƙofar asibiti, ba damar barci, ba damar gusawa. Na kyautan kuwa ba sa barin mutum ya sha iska. Minti biyu talla, minti biyu talla, in ka faɗi su ce ka sayi rai ko ka jira gobe. Wannan ba talla, ba ya cin data, kuma mutum shida ne ke shiga a biya ɗaya."

"Ka sayi rai," mai agogo ya maimaita a hankali. "Inna lillahi. Duniya ta zo inda ta zo."

Ya kwance tsohon agogon da ke hannunsa, ya ajiye shi kusa da wayar.

"Ka ga wannan? Mahaifina ya saye shi sau ɗaya, yau shekara hamsin yana tafiya. Kai in ka daina biya, me zai rage a hannunka?"

"Ba komai, Baba."

"Ba komai! Haya kake yi a gidan iska, kuma a can kake son in kai 'yata. To ji nan. Ka je ka soke abin nan, ka zo ka nuna mini da idona, sannan mu yi maganar Auta."

Ya ɗauka yaron zai yi godiya, don sharaɗin bai kai nauyin gashin tsuntsu ba. Sai ya ga fuskarsa ta canja kamar an ce masa ya yanke yatsa.

"Baba, don Allah a canja mini wani. A ce in sayar da babur ɗina, ko in bar shan shayi. Wannan dai..."

"Dalili?"

"Ba ni da ikon faɗa."

"To ni ma ba ni da ikon ba ka 'yata. Ja mini ƙofar in ka fita."

Da yamma ya tarar da labari ya riga shi isa gida. Auta na zaune a ƙasan falo ido ya kumbura, yayarsa kuma ta cika doguwar kujera ita da jakarta, tana firfita da murfin kwali. Ya leƙa ɗakin ciki, ya ce "Ya jikin?" daga bakin ƙofa kamar kullum, aka ce masa da sauƙi, ya dawo.

"Baba, me ya yi maka?" in ji Auta. "Ba ya sha, ba ya caca, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ranar da Mama ta faɗi, wa ya tsaya da mu har aka ba ta gado?"

"Aikinsa ne, biyansa ake yi," in ji gwaggonta. "Ke dai ki ce an shanye ki. Gardi da gemu ya zauna yana latsa waya kamar ɗan yaye! Gobe ki ce masa babu mai a kicin, ya ce ki dakata ya ƙarasa mataki."

"Gwaggo, mai tayal ɗin naki ma ai yana yi. Ran da ya zo, awa guda ya yi yana sayen lu'ulu'un ƙarya a cikin gem yana nuna mini, wai shi ba ya jira, saya yake yi. Abin da ya zubar a zaman nan ya fi na wancan na wata shida."

"Mai abu da abinsa! Shi ya tara, ya ga dama ya watsa."

"To ashe ba wasan ne laifi ba, rashin mota ne."

"Ke!" mai agogo ya daka mata tsawa. "Yayata kike mayar wa magana?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a bayan hannunta.

"Ka yi haƙuri, Baba. Amma wallahi da ka san abin da kuɗin nan yake saya, da ba ka ce a soke ba."

"To faɗa mini! Shi ya ce ba shi da ikon faɗa, ke kin ce da na sani. Na zama baƙo a gidana ke nan, kowa da asirinsa?"

Ta share hawaye da gefen mayafi. Haushi ya ƙara turnuƙe shi, ya rasa inda zai sauke, sai idonsa ya faɗa kan hannun rigarsa.

"Dubi nan. Dubi maɓallin da kika ɗinke mini, a karkace kamar haƙorin tsoho, zare a waje. Yarinyar da ba ta iya maɓalli ba ita za ta koya mini zaɓen miji?"

Auta ta ɗaga kai ta dubi maɓallin. Ta buɗe baki, ta waiwaya wajen ƙofar ɗakin ciki, ta rufe. Sai ta fashe da wani irin kuka da ya fi na farko, ta tashi da gudu.

"Ka gani ko?" in ji yayarsa. "Sangarta ce. Ka bar ni da ita, ƙanena."

Sati uku aka yi a haka. Auta na kawo masa abinci ta ajiye ba ta ɗaga ido, yayarsa na bugo waya safe da rana, shi kuma yana zaune a shago yana cin ransa. Sau biyu ya sa wa agogon mutane batir a juye. Abin da ya fi ba shi takaici shi ne, da ya rufe ido sai ya ga fuskar direban lokacin da yake cewa a canja masa wani. Ba fuskar mai son wasa ba ce. Amma girma ya hana shi bin zancen.

A cikin sati na huɗu direban ya dawo. Ya rame, ya yi zuru-zuru. Bai zauna ba, ya miƙa wayar.

"Na soke, Baba. Jibi wata zai cika, komai zai rufe."

Mai agogo ya duba, ya ga gaskiya ne. Ya kamata ya ji daɗin nasara, sai ya ji ba komai, wannan kuma ya ƙara ba shi haushi.

"Sati uku," ya ce. "Sati uku ka yi kana auna 'yata da wasan yara kafin ta rinjaya. Je ka, zan yi tunani."

"Amma Baba, ka ce in na soke..."

"Na ce za mu yi magana. Ga shi mun yi."

Direban ya mayar da wayar aljihu, ya ce Allah ya huci zuciyar Baba, ya fita.

Kwana uku bayan haka yayarsa ta bugo da hantsi, ta ce ƙarfe huɗu za ta zo gida da mai tayal, kuma ba za su tashi ba sai da amsa. Ƙarfe uku ya fara tattara kaya. Da ya ja aljihun tebur da ƙarfi sai ƙwallon ta yi tsalle ta faɗo ƙasa, ta gangara ƙarƙashin benci. Ya durƙusa da ƙyar ya lalubo ta, yana tsaki. Ya jefa ta aljihun riga da niyyar ya wurga ta a kwandon shara na bakin titi, ya huta da ganinta. Ya wuce kwandon bai tsaya ba.

Rabonsa da shiga gida a irin wannan lokaci tun kafin ciwon. Falo ba kowa. Daga ɗakin ciki yake jin wani irin kiɗa mai ƙara, da muryar wani yana ihun a zo a sayi takalmi, da muryar matarsa a ƙasa-ƙasa.

"Ya sake tafiya da ni. Auta, zo ki fitar da ni, ya sake kai ni kasuwar nan."

Ya tura ƙofar. Tana zaune a bakin gado, tsohuwar wayar Auta a kan matashi a cinyarta, yatsanta na dama yana rawa a saman gilashin. Da ta gan shi ta yi saurin jan mayafi za ta rufe wayar, ta makara. Auta ta shigo da kofin ruwa, ta tsaya cak.

"Mene ne wannan?" ya ce.

Auta ta ajiye kofin a ƙasa.

"Na ce mene ne wannan? Ke ma?"

"Ni ma, Malam," in ji matar. Maganarta tana ɗan ja tun bayan ciwon, amma ba ta yi rawa ba. "Ni ce ta shida a cikin mutum shidan."

Ya dubi wayar da ke cinyarta.

"Wani lambu ne," ta ce. "Furanni ake ja da yatsa a haɗa masu launi ɗaya. Yaron nan ne ya ga wata ma'aikaciya tana sa marasa lafiya irina suna yi a asibiti, ya zo ya sa mini. Ranar farko fure ɗaya na kasa ja, na yi ta kuka. Jiya ina mataki na ɗari huɗu da goma sha biyu. Yau da safe na buɗe, na tarar an sa wa ƙofar lambun kwaɗo."

"Na sauko mata da na kyauta," in ji Auta, hawaye na zubo mata. "Da shi muka fara tun farko, ya gagara. Kafin ta ja fure biyu talla ta fito, hannunta ya kauce ya taɓa, ya tafi da ita wani wuri. Kullum sai ta jefar da wayar. Shi ya sa ya fara biya, Baba. Da can shi ma na kyauta yake yi."

"Kawo in gani," ya ce.

Ya karɓi wayar. Mai takalmi yana ta ihu. A can kusurwa akwai wani ɗan gicciye da bai kai ƙwayar shinkafa ba, Auta ta ce shi ake taɓawa a rufe. Shi da yake ɗaukar sukurun da ido ba ya gani da tsinken ƙarfe, ya saita yatsa ya danna. Wayar ta buɗe masa shagon takalmi. Ya koma, ya sake dannawa, ta buɗe masa wani mai maganin ƙiba. A karo na uku ta ce ya jira daƙiƙa talatin.

"Wane la'ananne ne ya ƙera wannan abin?" ya ce da ƙarfi. "Wannan ai zalunci ne! Mai lafiya ma ya kasa, balle..."

Bai ƙarasa ba.

"To me ya hana ku faɗa mini? Sati uku ina haushi kamar kare a kan abin da kalma ɗaya za ta kashe!"

"Ni na hana su," in ji matar. "Na sa su rantse. Ni ce kuma na aika masa ya soke, na ce aurensu ya fi lambuna. Sati uku yana ƙi, sai da na ce zan yi fushi da shi."

"Don me? Kunyar a ce tsohuwa tana wasa?"

"Akwai wannan." Ta dubi hannunta. "Amma ba shi ne babba ba. Ina wurin lokacin da likita ya ba ka ƙwallon nan, Malam. Bakina ne ya karkace, kunnena lafiya lau. Na jira ka wata biyu. Da na ga ba za ka iya ba, sai na ce kada ka ji cewa ɗan wani ya yi abin da aka ce ka yi. Na san halinka. Ba za ka yafe wa kanka ba, shi ma ba za ka yafe masa ba."

Mai maganin ƙiba yana ta surutu a hannunsa. Ya kife wayar a kan gado.

"Maɓallin nan," in ji Auta a hankali, tana nuna hannun rigarsa. "Ba ni na ɗinka ba, Baba. Kwana biyu ta yi tana fama da shi. Ta ce kada in taɓa, kuma kada in faɗa, wai za ka gane da kanka."

Ya ɗaga hannun rigar ya duba. Yana nan a karkace, zare a waje, an bi ramin sau shida ko bakwai kamar mai tsoron kada ya kuɓuce. Wata guda yana yawo da shi yana jin haushinsa. Ya shafa zaren da babban yatsa.

A waje mota ta yi hon sau biyu, mai kauri, irin na sabuwar mota. Sai ga muryar yayarsa tun daga matakala tana sallama, tana cewa a shimfiɗa wa baƙo wuri.

Auta ta dube shi.

"Baba, sun zo. Me za ka ce musu?"

Ya tako ya ƙetare bakin ƙofar da ya saba tsayawa, ya zauna a gefen gado, a ɓangaren dama. Katifar ta lotsa, matar ta ɗan karkato wajensa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙwallon, duk ta yi ƙura, da ɗan tabon man agogo a jikinta. Ya goge ta da gefen riga.

"Ki buga wa yaron nan," ya ce wa Auta, bai ɗaga kai ba. "Ki ce in ya tashi aiki ya biyo, ya nuna mini yadda ake cire kwaɗon nan. Ki ce masa kuma... a'a, sauran ni zan faɗa masa da bakina. Har yanzu dai ina nan a kan cewa haya ce a gidan iska."

"To Gwaggo fa? Ga shi tana buga ƙofar falo."

"Ki buɗe musu, ki ba su ruwa."

Ya ɗauko hannun matarsa. Ya fi yadda yake tsammani ɗumi, ya kuma fi nauyi. Ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya sa ƙwallon a tsakiya. Ta matsa, robar ta lotsa har yatsunta suka kusa haɗuwa.

"Ta yi mini laushi yanzu, Malam. Ka makara."

"Na sani. Matsa dai."

"Ƙanena!" yayarsa ta ƙwala kira daga falo. "Wai ba ka ji mu ba ne? Bawan Allah ya baro shagonsa!"

Mai gyaran agogo ya kwance tsohon agogon mahaifinsa, ya ajiye shi a kan matashi inda su biyun za su gani. Huɗu saura minti biyar.

"Auta, ce musu su jira. Minti goma sha biyar likita ya ce."

Ya dubi hannun, bai kau da kai ba.

"Ɗaya," ya ce.